Launin fata da gurbin karatu: abin da ɗaliban jami'o'in Amurka ke jayayya a kai

Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'in ƙasar duba launin fatar ɗalibi a lokacin rabon guraben karatu. Wanda ya tsinci labarin daga nesa zai ɗauka baƙaƙen fata ne suka yi nasara, tunda an ce a daina duba launi. Sai ga shi ƙungiyoyin ɗalibai baƙaƙe ne suka fito zanga-zangar ƙin hukuncin, waɗanda suka shigar da ƙarar kuwa cewa suka yi haƙƙin 'yan asalin Asiya suke karewa. Alƙalai biyu baƙaƙen fata da ke kotun ma kowa ya kama gabansa: Clarence Thomas ya goyi bayan hukuncin, Ketanji Brown Jackson ta yi masa raddi mai zafi.

Tun daga lokacin muhawarar ba ta lafa ba a azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai da jaridun makaranta. Kowane ɓangare adalci yake kira, kowanne kuma yana jingina hujjarsa da gwagwarmayar Martin Luther King. Kafin a gane inda suka raba hanya, sai an san abin da suke nufi da kalmomin da suke ta maimaitawa.

Kalmomin da ake jayayya a kansu

Launin fata a Amurka rukuni ne da doka da al'ada suka gina. Masana ƙwayoyin halitta sun nuna cewa 'yan Adam sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsu, amma jihar Virginia ta yi doka a 1924 wadda ta ce duk mai ɗigon jinin baƙar fata a jikinsa ba ya cikin farare, komai hasken fatarsa. A wancan zamani rukunin da aka sa mutum shi ke yanke masa makarantar da zai shiga, unguwar da zai zauna, da wadda zai aura.

Sai wariya, wadda ɗalibai ke rabawa gida biyu. Akwai ta mutum da mutum: mai gida ya hana ka haya, ko ɗan sanda ya tare ka, saboda fatarka. Wannan ba a cika musu a kan muninta ba. Akwai kuma wadda ake kira wariya ta tsari, wato dokoki da hanyoyin aiki su ci gaba da haifar da bambanci ko da babu wani mai mugun nufi a ofishin. A kan wannan ta biyun ake kai ruwa rana. Wasu na ganin ita ce babbar matsalar yau, wasu kuma na cewa an mayar da ita bayanin kowane giɓi, har da wanda yake da wasu dalilai.

Na uku shi ne tsarin fifiko da kotu ta rushe. Ba wani adadin kujeru ake ware wa baƙaƙe ba, domin an haramta hakan tun 1978. Abin da ake yi shi ne, idan jami'a mai tsananin gasa ta samu dubban ɗalibai da suka cancanta, sai ta sa launin fata cikin abubuwan da take dubawa, tare da makin jarrabawa, da unguwar da yaro ya fito, da wasanni, da wasiƙun malamai.

Tushen giɓin

A 1619 aka sauke 'yan Afirka na farko a Virginia, kuma ba a haramta bauta a faɗin ƙasar ba sai 1865, lokacin da bayi sun kai kusan miliyan 4. 'Yancin bai zo da gona ko jari ba. Jihohin kudu suka shimfiɗa dokokin raba makarantu da motocin haya da gidajen abinci, Kotun Ƙoli ta amince da su a 1896, ba ta juya baya ba sai a shari'ar Brown ta 1954. Dokar 'yancin jama'a ta zo a 1964, ta zaɓe a 1965, ta hana wariya wajen sayar da gida da ba da haya a 1968. Ke nan kakannin ɗaliban da ke aji a yau da yawansu an haife su ne lokacin da wariya ke da gindin zama a doka.

Inda tarihin ya fi taɓa aljihu shi ne batun gidaje. A shekarun 1930 hukumomin tarayya suka zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da ba da rance ke da haɗari, bankuna kuma suka kauce musu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 ta bai wa tsofaffin sojoji damar karatu kyauta da rancen gida mai sauƙi, amma aka bar aiwatarwa a hannun jami'an jihohi da bankunan gari. Wani bincike na 1947 a wasu biranen Mississippi ya gano cewa cikin rance sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal ne suka je hannun baƙaƙe.

A ɗauki sojoji biyu da suka dawo daga yaƙi ɗaya. Na farko ya samu rance ya sayi gida a bayan gari, darajar gidan ta yi ta hawa, ya jinginar da shi ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a, da ya rasu aka sayar aka raba wa jikoki. Na biyu ya ƙare rayuwarsa a gidan haya, bai bar wa kowa komai ba sai kayan ɗaki. Jikokinsu na iya samun albashi iri ɗaya a yau, amma ɗaya yana da abin da zai dogara da shi ranar da aiki ya ƙwace ko ciwo ya zo, ɗayan kuwa bashin karatu ne a wuyansa. Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna cewa dukiyar gidan da ke tsakiyar jerin gidajen farare ta kai kimanin dala 285,000, ta gidan baƙaƙe dala 44,900, ta 'yan asalin Latin Amurka dala 61,600. Kusan kashi uku cikin huɗu na iyalan farare sun mallaki gidan da suke ciki, na baƙaƙe kuwa ba su kai rabi ba.

Daga gida abin ke gangarowa makaranta, domin kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwa mai tsadar gidaje ta fi samun ƙwararrun malamai da ɗakunan gwaji da darussan share fagen jami'a. Ruwa dai ba ya tsami banza. A kasuwar aiki ma, masu bincike biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika dubban takardun neman aiki na bogi ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka buga sakamakon a 2004: takardu masu sunayen da aka saba ji a wurin farare sun fi samun kiran ganawa da kimanin kashi 50 cikin 100, alhali abin da ke cikinsu iri ɗaya ne.

Ɗalibai ba baƙi ba ne a wannan fage

Ranar 1 ga Fabrairun 1960 wasu samari huɗu, 'yan ajin farko a wata kwalejin baƙaƙe da ke Greensboro a Carolina ta Arewa, suka shiga kantin Woolworth suka yi 'yar sayayya, sannan suka zauna a teburin abincin da aka keɓe wa farare suka nemi a ba su kofi. Aka hana su. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma tashi ba har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da ƙarin abokai, kafin wata biyu irin wannan zama ya bazu zuwa birane da dama na kudu. A 1962 sai da dakarun tarayya suka raka James Meredith kafin ya shiga Jami'ar Mississippi, mutum biyu suka mutu a tarzomar da ta ɓarke.

A zamanin nan, zanga-zangar ɗaliban Jami'ar Missouri ta 2015, wadda 'yan ƙwallon makarantar suka mara wa baya da ƙin buga wasa, ta kai shugaban jami'ar ga murabus. Kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020 ya sa jami'o'i da yawa suka buɗe ko suka faɗaɗa ofisoshin da ake kira DEI, masu kula da cuɗanyar jinsuna da daidaito a makaranta. Wasu kuma suka tono nasu tarihin: Georgetown ta amsa cewa a 1838 an sayar da bayi 272 don ceto makarantar daga bashi, Harvard ta ware dala miliyan 100 a 2022 bayan rahoton alaƙarta da bauta.

Yadda tsarin fifiko ya zo, da yadda ya tafi

A jawabinsa na Jami'ar Howard a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya ce ba adalci ba ne a kwance wa mutum sarƙar da ya shekara da shekaru a cikinta, a kai shi bakin layin tsere, a ce ya kara da kowa. Wannan ita ce hujjar farko: gyara ɓarnar da aka yi. Amma a shari'ar Bakke ta 1978, wadda ta taso daga makarantar likitanci ta Davis a Kalifoniya inda aka ware kujeru 16 cikin 100, kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. Abin da ta bari shi ne a duba launi don a samu aji mai mutane iri-iri, saboda amfanin da hakan ke yi wa karatun kowa. Wannan sauyi ya yi tasiri ƙwarai, domin tun daga nan jami'o'i suka koma kare tsarin da hujjar da ba ita ce ta haife shi ba. A 2003 kotu ta sake amincewa da shi a shari'ar Jami'ar Michigan, sai dai Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta ce tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙace shi ba.

Shekara 20 aka yi. Wata ƙungiya da Edward Blum ya kafa ta kai Harvard da Jami'ar Carolina ta Arewa ƙara a 2014. Hujjarta mafi ƙarfi ta fito ne daga takardun Harvard ɗin kanta: a makin da ma'aikatan ɗaukar ɗalibai ke bayarwa kan hali, irin su kirki da ƙarfin zuciya da iya zama da mutane, 'yan asalin Asiya na samun ƙasa da sauran rukunoni, duk da sun yi zarra a makin karatu. Ƙananan kotuna biyu sun wanke Harvard daga zargin wariya da gangan, amma Kotun Ƙoli ta rushe tsarin, da alƙalai 6 da 3 a shari'ar Carolina, 6 da 2 a ta Harvard, domin Jackson ta janye saboda ta taɓa zama a majalisar kula da jami'ar. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa kawar da wariya na nufin kawar da ita baki ɗaya. Ya bar ƙofa ɗaya: ɗalibi na iya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa a rubutun da yake haɗawa da takardar neman gurbi, muddin abin da za a auna shi ne halinsa da ƙwazonsa shi kaɗai.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu goyon bayan hukuncin na cewa gurbi ɗaya mutum ɗaya ke shigarsa, don haka duk fifikon da aka yi wa wani, wani ne ya biya. Wanda ya biya kuwa yana iya zama ɗan baƙin haure daga Vietnam da iyayensa ke wankin kwanuka a gidan abinci, wanda ba shi da hannu a bautar da aka yi. Suna ƙara da cewa rukunonin da ake amfani da su sun yi faɗi da yawa: an cusa ɗan Indiya da ɗan Koriya da ɗan Kambodiya a akwati guda. Thomas ya daɗe yana cewa tsarin na shafa wa duk baƙar fatar da ya yi nasara tabon zargi, a riƙa ganin kamar alfarma ce ta kai shi. Ra'ayin jama'a ma ya fi karkata nan. A binciken cibiyar Pew na 2023 rabin Amurkawa ba su yarda a duba launi ba, kashi 33 cikin 100 ne suka yarda. Ko a Kalifoniya, inda 'yan Democrat ke da rinjaye, masu zaɓe sun ƙi dawo da tsarin a 2020.

Masu adawa da hukuncin na cewa makin jarrabawa ba ya faɗowa daga sama. Yaron da ya ci maki mai kyau daga makarantar da ba ta da malamin lissafi na dindindin ya yi abin da ya fi na wanda aka ɗaukar wa malamin gida. Jackson ta rubuta cewa don doka ta ce launi ba shi da muhimmanci, hakan ba ya sa ya rasa muhimmanci a rayuwa. Suna kuma nuni da cewa daga waɗannan manyan jami'o'i ne alƙalai da manyan likitoci da shugabannin kamfanoni ke fitowa, a ƙasar da baƙaƙe suke kusan kashi 13 cikin 100 na jama'a amma kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni, kuma mace baƙa ta fi fara haɗarin mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku.

Akwai wata hujja da ɓangarorin biyu suka fi gwabzawa a kanta, wai sa ɗalibi a makarantar da ta fi ƙarfin shirinsa cutarwa ce a gare shi. Richard Sander ya kawo ta a 2004 game da makarantun lauyoyi. Binciken Zachary Bleemer a kan abin da ya faru bayan Kalifoniya ta haramta tsarin a 1996 ya nuna akasin haka: ɗaliban da suka koma makarantun da ba su kai waɗancan tsananin gasa ba sun ragu wajen kammala digiri, albashinsu ma ya ragu daga baya, musamman 'yan asalin Latin Amurka.

Ɓangare na uku, wanda muryarsa ke ƙara ƙarfi a tsakanin ɗalibai, na ganin an bar jaki ana dukan taiki. Bayanan da shari'ar ta fito da su sun nuna cewa kimanin kashi 43 cikin 100 na fararen da Harvard ta ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan malamai, ko waɗanda ke cikin jerin na musamman da shugabannin makaranta ke sa wa ido, inda 'ya'yan masu ba da gudummawa suke. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2023 ya gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki ya fi ɗan matsakaicin gida damar shiga manyan jami'o'i masu zaman kansu fiye da ninki biyu, ko da makinsu ɗaya. A nan ne mai goyon bayan hukuncin da mai adawa da shi suka fi samun matsaya guda, kuma hujjar tana da wuyar turewa: wanda ya ce cancanta kaɗai za a duba ba shi da bakin kare fifikon gado, wato wanda ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai.

Ja-in-ja a cikin gida

Akwai wata muhawarar da ake yi tsakanin ɗalibai baƙaƙe su ya su. Kusan ɗaya cikin goma na baƙaƙen Amurka a wata ƙasa aka haife shi, yawanci a Afirka ko tsibiran Karebiyan. Wani bincike da Douglas Massey da abokan aikinsa suka buga a 2007 ya nuna cewa baƙi da 'ya'yan baƙi sun kai kimanin kashi 41 cikin 100 na baƙaƙen ɗalibai a rukunin tsofaffin jami'o'in da ake kira Ivy League, alhali kasonsu a cikin matasa baƙaƙe kashi 13 ne. Jikokin bayi na tambaya: idan don gyara ɓarnar bauta aka yi tsarin, ya aka yi ɗan likitan da ya zo daga Legas ko Accra ya fi cin moriyarsa? 'Ya'yan baƙi na amsawa cewa ɗan sandan da ya tare su a hanya ba ya tambayar inda kakansu ya fito. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma saɓanin ya koma ne ga waccan tsohuwar tambaya ta 1978, ko tsarin na biyan bashin tarihi ne ko na cakuɗa aji.

Abin da ya biyo baya

Ajin farko da aka ɗauka bayan hukuncin, a 2024, bai ba da amsa guda ba. A jami'ar fasaha ta MIT kason baƙaƙe ya faɗo daga kimanin kashi 13 zuwa 5, na 'yan asalin Asiya ya hau daga 40 zuwa 47. A kwalejin Amherst kason baƙaƙe ya faɗo daga 11 zuwa 3, a Harvard daga 18 zuwa 14, a Yale da Princeton kuwa bai motsa sosai ba. Ɗaliban da ke ƙin bayyana launinsu a takarda sun ƙaru a makarantu da dama, abin da ya sa kwatanta alƙaluman ke buƙatar taka-tsantsan.

Jihohin da suka riga suka haramta tsarin sun nuna abin da ka iya biyowa. Jami'ar Kalifoniya ta shaida wa kotu cewa ta kashe sama da dala miliyan 500 wajen zawarcin ɗalibai daga makarantun talakawa, amma ba ta cike giɓin ba. A 2006 baƙaƙe 96 ne kacal cikin sababbin ɗalibai kusan 5,000 a reshenta na Los Angeles. Texas ta bi wata hanya a 1997: duk wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa a sakandare yana da gurbi a jami'ar jiha. Dabarar ta yi aiki gwargwado, sai dai tana aiki ne saboda makarantun sakandaren kansu a rabe suke bisa launi.

Fifikon gado ya fara ja da baya. Colorado da Virginia sun hana shi a jami'o'in gwamnati, Maryland da Kalifoniya sun kai haramcin har ga masu zaman kansu, Johns Hopkins da Amherst kuma sun daina da kansu. A ɗaya gefen, Texas da Florida sun yi dokokin da suka rufe ofisoshin DEI ko suka hana su kuɗi a jami'o'in gwamnati, sannan a Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya soke umarnin 1965 da ya wajabta wa 'yan kwangilar gwamnati ɗaukar matakan daidaito wajen ɗaukar ma'aikata. An sake fasalin tallafin karatu da dama da a da aka keɓe wa wani rukuni, aka buɗe shi ga kowa ko aka mayar da shi bisa ƙarfin aljihun iyaye.

Ga yawancin iyalai, hukuncin bai canza ƙofar da 'ya'yansu za su shiga ba. Mafi yawan jami'o'i da kwalejojin Amurka na karɓar mafi yawan masu nema, kuma miliyoyin ɗalibai a kwalejojin shekara biyu na unguwa suke, inda ba a taɓa yin gasar gurbi ba. Abin da ke kayar da ɗalibi a can shi ne kuɗin makaranta, da aikin da yake haɗawa da karatu, da raunin sakandaren da ya fito. Jami'o'in baƙaƙe na tarihi, kusan 100, irin su Howard da Spelman da Morehouse, da dama cikinsu sun ga ƙaruwar masu nema, duk da cewa asusunsu bai kama ƙafar na manyan jami'o'in farare ba.

Ga wanda ke harin manyan makarantun kuwa, nauyin ya koma kan rubutun neman gurbi. Jami'o'i da yawa sun sake tambayoyinsu, suna neman ɗalibi ya ba da labarin inda ya taso da abin da ya sha. Masu ba ɗalibai shawara a sakandare na kokawa cewa yaro ɗan shekara 17 yanzu yana auna ko ya baje raunukan gidansu a takarda don a gane ko shi wane ne, ko ya rubuta abin da ya fi so, ya bar batun launi. Ƙungiyar Blum ta riga ta aika wa Yale da Princeton da Duke wasiƙu a 2024 tana tuhumar yadda alƙalumansu ba su sauya ba, ta kuma gargaɗe su da su adana takardunsu saboda yiwuwar shari'a.